Inda Kwalta Ta Ƙare

Babanmu mai walda ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya zauna a kujera har bayansa ya taɓa majingina ba. A bakin-baki yake ɗosana mazaunai, ƙafa ɗaya a gaba, kamar wanda aka ce masa motarsa ta kusa tashi. Ko abinci yake ci, idonsa na kan ƙofa. Inna takan ce ita dai ba ta yarda a kwance aka haife shi ba.

Sana'ar ce ta mayar da shi haka, ko shi ne ya nemi sana'ar da ta dace da halinsa, wannan kam ban sani ba. Abin da na sani shi ne, mai walda irin Baba ba ya samun na cefane a unguwar da ta gama ginuwa. Kasuwarsa tana inda tifa ke juye yashi, inda gidaje ke tsaye baki buɗe, ba ƙofa ba taga. Kowane sabon gida yana neman get, yana neman ƙarafan taga, yana neman ƙafar da za a ɗora tankin ruwa. Da zarar kowa ya samu nasa ya ja ya kulle, shi ke nan, Baba ya tashi daga mai rufa asiri ya koma mai damun mutane da ƙara. Don haka duk lokacin da gari ya miƙo ƙafa ya cim mana, sai mu naɗe tabarma mu ƙara gaba. Mun zauna a bayan tashar manyan motoci, mun zauna kusa da masu fasa dutse, mun taɓa zama a wani gida da mai shi bai kai ga yi masa silin ba, muna kwance muna kallon ƙadangaru suna kai-komo a kan katako. Ni ce auta a gidan, kuma har yau in aka tambaye ni wace firamare na yi, sai in ce a fara ambato, duk wadda aka kira na taɓa share ajinta.

Baba bai taɓa zaunar da Inna ya ce mata za a tashi ba. Alamu kawai muke gani. Da farko zai fara shigowa da kwalaye, ya jera su a bayan ƙofa, in an tambaye shi ya ce, "A bar su, za su yi amfani." Sai igiyoyi su biyo baya. Daga nan sai abokinsa direban motar kaya ya zo gaisuwa. Yanzu-Yanzu ake ce wa direban, don duk lokacin da ka kira shi abin da zai ce maka ke nan, sannan ya iso bayan ka gaji da leƙe. Zai zauna yana shan ruwa yana tambayar lafiyar yara, amma idonsa na auna tsawon kabad ɗin Inna.

Inna kuwa kowane karo sai ta rantse ba inda za ta. "Wannan karon sai dai ka tafi kai kaɗai," haka take cewa. Baba ba ya musu da ita. Dabararsa guda ce, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba: ranar tashi, kayan Inna ake fara lodawa. Kafin a taɓa injin walda, kafin a ɗauki ko guduma, gadonta da kabad da tukwanenta sun hau mota an ɗaure su tamau. Sai a bar ta tsaye a tsakar ɗaki ba ko abin zama, ta yi faɗan, ta yi ƙwallar, sannan ta fito. Ba yadda za ta zauna a gidan da ba ta da ko cokali a ciki, Baba kuma ya san da haka.

Ina 'yar sakandare muka zo garin nan. A lokacin ba za ka kira shi gari ba. Fili ne fetal a gefen babban titin da ya fito daga birni, an kakkafa turaku masu jan fenti, sai ciyawa, sai gine-gine jefi-jefi. A nan ne Baba ya fara mallakar fili na kansa, ya yi ɗakuna uku da rumfar aiki a gaba. Ranar da aka sauke kaya, Inna ta ƙi shiga. Ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu, ta ce, "Malam, ka ji ni da kyau, yara ma su ji. Na gaji. Daga gidan nan sai kabari."

Baba yana kwance igiya, ya yi dariya ya ce, "To, Allah Ya ba mu tsawon rai."

"Ba dariya na ce ka yi ba."

"Na ji, Innarsu. Na ji."

Bai ji ba. Mu ma, gaskiya, ba mu ɗauka wannan ta bambanta da sauran rantsuwoyin ba.

Shekarun farko mun sha wuya iya wuya. Ba famfo, ba wuta sai janaretan Baba, in aka yi ruwa kuwa a hannu ake riƙe takalmi har bakin titi. Ba sunan layi, ba lambar gida. In za ka yi wa baƙo kwatance sai ka ce ya wuce tulin yashi ya karya dama wajen gidan da ba a rufa ba. Kafin baƙon ya zo an kwashe yashin an rufa gidan, ya yi ta bulayi cikin rana yana tsine maka. Amma Baba, a lokacin ne ya fi kowane lokaci ƙiba da fara'a. Tun da sassafe ƙarar yankan ƙarfe ke tashi, tartsatsi na feshi, masu gini na jira a bakin rumfa da awon tagoginsu. In ya gama kafa get yakan ja baya, ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya tura ƙyauren da yatsa ɗaya. In ya tafi sumul ba ƙara, sai ya ce wa mai gida, "Jikanka ma zai buɗe wannan."

Mutane kuwa sai kwararowa suke daga birni, ma'aikatan ofis da malaman makaranta da na asibiti, duk waɗanda cunkoso ya koro. Barci kawai suke zuwa yi. Da duku-duku sun jeru a bakin titi suna jiran mota, ba sa dawowa sai rana ta faɗi. Da rana unguwar ba kowa sai magina da Inna.

Wata safiya wata nas da ke kusa da mu ta shigo a rikice, jaririya a kafaɗa, jaka a hannu. Mai yi mata raino ba ta zo ba, ga shi aiki ba ya jira. "Inna, don Allah ki rufa mini asiri, yau kaɗai." Wannan yau kaɗai ɗin ce ta kai yarinyar har ta shiga makaranta. Bayan Nas sai matar mai kemis, sai wata mai aikin banki, sai kowa. Daga yara aka koma makullai. Duk wanda zai fita sai ya bar wa Inna nasa, don mai kawo gas, don mai tankar ruwa, don baƙon da zai iso da rana. Ta kafa ƙusoshi a bangon kicin ta rataye su, ba ta yi karatu ba amma ba ta taɓa ba wani makullin wani ba. Ita ta san wanda ya manta abinci a wuta, ita ta san wadda ke fushi da mijinta. Matar da ta yi rabin rayuwarta ba ta gama sanin sunan maƙwabta ba ake ɗaga ta, sai ga shi an wayi gari ba a yanke komai a layin sai da ita. Har masu babur suka sa wa wurin suna Layin Inna. Baba ya ji haushin wannan ƙwarai. "Duk ƙofar da ke layin nan ni na yi ta," in ji shi, "amma wai Layin Inna." Inna ta ce in yana so ya zo ya karɓi goyo, sai a sauya sunan.

Sai gari ya yi abin da ya saba. Aka zuba kwalta, aka ja wuta, aka buɗe makaranta a bayan layinmu, inda ni ma na samu aikin koyarwa bayan na gama karatu. Yayyena duk suka yi aure suka watse, ya rage daga ni sai su biyu. Filin da muke shanya ya zama gidan mai. Titin da a da sai ka daɗe kafin ka ga mota, ya koma sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka. A bakin titin kuma wani ya buɗe katafaren shago na ƙofofin kamfani, masu sheƙi, an gama komai sai dai a ɗauka a kafa. Baba ya je ya ƙwanƙwasa ɗaya da bayan yatsa, ya saurara, ya ce, "Gwangwani." Gwangwanin dai shi mutane suka yi ta saye.

Rannan shugaban ƙungiyar mazauna layi ya zo, da hularsa da ladabinsa. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, kuma get ɗinsa ma Baba ne ya yi. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kai ga zancen: masu aikin kwana suna son barcin rana, tartsatsi na kaiwa ga motocin da ake ajiyewa, ƙarafan da ke bakin hanya sun yanki ƙafar wani. "Ba korarka muke ba, Baba, Allah Ya kiyaye. A dai duba." Baba ya ce za a duba. Da mutumin ya tafi, na ga ya tsaya yana kallon layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kowane gida da katangarsa, kowace taga da ƙarfenta, babu sauran wuri ɗaya da ke jiransa.

Daga nan ya fara fita da babur tun da safe, ya dawo da yamma ƙafafunsa buɗu-buɗu da jar ƙasa, idonsa na ƙyalli. Can bayan gada, inda kwalta ta ƙare, an fara yanka sababbin filaye. "Auta, ki ga wuri! Ba kowa, sai turaku. Iska kamar me. Tifa na shiga tana fita, kuma ba mai walda ko ɗaya." Ni yake faɗa wa, amma da ƙarfi yadda za a ji a kicin. Matsalar ita ce injinsa da janareta ba abin ɗauka a babur ba ne, kuma ba a barinsu a daji ba mai kwana kusa da su. In zai yi aiki a can, sai dai ya koma can.

Ranar da na ga kwalin farko a bayan ƙofa, nan take na gane tashi ya sake zuwa. Ina son Baba, Allah Ya sani, amma a ranar na ji kamar in ɗauki kwalin in kwaɗa masa. Mutum ya tsufa, gashi ya yi fari, ido ya fara gajiya da hasken walda, amma har yanzu ƙafarsa na ƙaiƙayi. Inna ta ga kwalin, ta tsallake shi ta wuce. Da ya dawo ta tare shi.

"Malam, kwalin mene ne wancan?"

"A bar shi, zai yi amfani."

"Amfanin me?"

"Ke dai kin cika tambaya. Akwai ruwan wanka?"

Ba a jima ba wani saurayi da amaryarsa suka zo ganin ɗakuna, wai Baba ya ce musu za a ba da gidan haya. Inna ta ba su ruwa mai sanyi, ta zagaya da su ko'ina, har ta nuna musu inda rufi ke yoyo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta rantse ba. Wannan shirun ya tsorata ni fiye da duk faɗan da na taɓa ji a gidanmu. Baba kuwa ya ɗauka ta sauko ne. Har ce mini ya yi, "Kin gani? Innarku ta girma."

Ya sa ranar Asabar, ranar da ba na zuwa makaranta, don in taya ɗaurin kaya. Da sassafe ya hau babur ya tafi ɗauko Yanzu-Yanzu da kansa, don ya san halinsa. Ƙarar babur ɗin ba ta gama ɓacewa ba Inna ta leƙa waje ta yafito Nas. Ashe an gama shiri ban sani ba. Asabar ce, duk matan layin suna gida. Kafin in gane abin da ke faruwa gidanmu ya cika da su, kowacce ta ɗauki abin da aka nuna mata. Nas da mijinta suka kwance gado suka fita da shi gunduwa-gunduwa. Mai aikin banki, wadda ban taɓa ganin ta ɗauki abin da ya fi jakar hannunta nauyi ba, ta ɗora babbar tukunya a ka. Kabad ya tafi gidan mai kemis, katifa ta tafi gidan shugaban ƙungiya, akwatunan tufafi suka rabu gida-gida. Inna na tsaye tana ba da umarni: wannan can, wancan nan, a yi hankali da madubi. Yanzu-Yanzu kuwa, Allah Ya saka masa, bai sauya hali ba. Sai da rana ta take suka iso.

Baba ya diro daga mota yana tafa hannu. "To, bisimilla! A fara da ɗakin Innarsu." Ya wuce gaba, masu lodi na biye da shi, ya tura ƙofa. Ɗaki wayam, har ƙusar da ake rataye madubi an cire. Inna na zaune a tsakiya a kan 'yar kujerar tsuguno, hannuwa a kan gwiwa.

"Ina kayan?"

"Suna nan cikin gari."

"Wane irin cikin gari? Wane gida?"

"Duka. Ka bi ka ƙwanƙwasa. Ai ka san ƙofofin, kai ka yi su."

Ya fita waje, na bi shi. Layin tsit, kowane get a rufe, amma na san bayan kowanne akwai ido a jikin 'yar kafa. Baba ya dubi wannan, ya dubi wancan. Dattijo kamarsa ba zai shiga gidan wani ya ce a fito masa da tukunyar matarsa ba. Yanzu-Yanzu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Can sai Baba ma ya fashe da dariya, ya yi ta yi har da riƙe ciki. "Kai! Matar nan! Ashe duk shekarun nan karanta ni take yi." Ya koma ciki yana share ido, ya tsaya a kanta.

"To, an yi wasa an gama. Aika a kawo su, rana na yi."

Inna ta ɗago ta dube shi. "Ba wasa nake ba, Malam. Na bi ka duk inda ka ce. Ban taɓa zama wuri har na ga yaron da na goya ya yi wayo ya gaishe ni a hanya ba sai a nan. Ban taɓa kwanciya ciwo wata ta shigo ta ɗora mini ruwa ba sai a nan. Ka tashe ni ka kai ni cikin turaku, wa zan sani? Yaushe zan sake farawa? Dube ni fa."

Dariyar ta bar fuskarsa. Sannan ya fita ya sallami mota.

Mun yi murna, ba zan ɓoye ba. Kaya suka dawo da yamma ana ta shewa, aka mayar da gado, Nas har da 'yar rawa. Na ce a raina, to, yau dai an yi maganin Baba.

Ya kuwa yi ƙoƙari, wannan shaida zan ba shi. Ya ja injin can cikin rumfa ya lulluɓe shi da tamfol. Ya gyara rufin da ke yoyo, ya gyara famfo, ya gyara abin da bai lalace ba ma. Ya bi layin gida-gida da 'yar kwalbar baƙin mai yana ɗiga wa ƙofofi, har mutane suka fara jin kunya suna ce masa ai jiya ma ya sa. Da wannan ya ƙare sai ya koma tafiya. Zai fita da safe a ƙafa, ya bi titi har inda ya ga dama, ya dawo, ya shiga ɗaki, ya fito, ya leƙa rumfa, ya ɗaga tamfol ya mayar. In ya kunna rediyo, kafin a gama gaisuwa ya kashe. Gidan ya yi masa kaɗan, mu ma muka rasa inda za mu sa kanmu.

Sai kuma ya daina, wannan ne ma ya fi muni. Na dawo daga makaranta wata rana na tarar da shi a kujerar falo, ya jingina sosai, kai a baya, hannuwa a sake, yana kallon silin. Sai da na maimaita sallama kafin ya amsa. In an ajiye masa abinci sai ya taɓa kaɗan ya ture. Ba ya faɗa, ba ya tsokanar Inna, ko ƙofofin kamfani ya daina zagi. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Nas ta auna shi ta ce ba ta ga komai ba, jini lafiya, ƙirji lafiya. Yaran da Inna ke raino, waɗanda a da suke hawa kansa, suka koma zagaye shi in za su wuce.

Inna kuwa, ina ganinta. Za ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu tana kallon ƙeyarsa har abin da ke wuta ya kama.

Wata rana wani magini ya zo takanas daga bayan gada, da ƙura har gira. Ya ce gidaje sun kai linta a can, saura rufi, ana neman mai yin ƙarfen taga ido rufe, kowa kuma sunan Baba yake kira. Baba ko tashi zaune bai yi ba. Ya ce, "Ka nemi wani, ɗana. Na daina." Maginin ya yi ta roƙo, Baba ya rufe ido. Inna na bayan labule, ta ji komai.

Washegari ta ce in nemo mata Yanzu-Yanzu a wayata. Na ce, "Inna, me za ki yi da shi?" Ta ce, "Ke dai kira." Da kunnena na ji tana ce masa, "In ka ce mini yanzu-yanzu sannan ka kai azahar, ni da kai ne." Ta shiga ɗakin Baba ta fara ninke kayansa. Ta sa masa bargo, da buta, da 'yar tukunya guda, da maganin idonsa. Sannan ta fito ta tsaya a gabansa.

"Tashi, Malam."

"In je ina?"

"Inda ranka yake. Ga mota nan zuwa. Ba zan zauna ina kallonka kana mutuwa a kujera ba."

Ya miƙe zaune a hankali. "Ke fa?"

"Ni na gaya maka tun ranar da muka zo."

"Haba, Innarsu. Wa zai..." Bai ƙarasa ba.

"Ba ƙasar waje za ka ba, bayan gada ne. Ranar da ka ga dama ka hau babur ka zo, gidanka ne. Auta za ta riƙa leƙo ka."

"To bari in je in yi ɗaki biyu tukuna. In na rufa, sai ki taho. Wuri ne mai kyau, wallahi, in kin gani..."

Inna ta sunkuya ta ɗauki takalmansa ta ajiye masa a gaba.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake ci mini rai. Na so a ce ya yi gardama, ko da ta ƙarya ce. Na so ya ce ba zai tafi ya bar ta ba. Amma da mota ta tsaya a ƙofa, sai na ga mutumin da jiya ba ya iya ɗaga kofi ya yaye tamfol da hannu ɗaya. Murya ta dawo. "Kai, ba haka ake ɗaga shi ba! Ta ƙasa! Janareta a gaba, ƙarafa a gefe. Ina igiyar nan?" Ya hau bayan mota ya ɗaure da kansa, ya diro kamar saurayi. Maƙwabta suka fito suka yi cirko-cirko, ba wanda ya san ko murna zai yi ko jaje. Shugaban ƙungiya ya zo yana cewa ai ba haka suke nufi ba, Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce ya riƙa sa wa get ɗinsa mai in damina ta zo.

Da aka gama, Yanzu-Yanzu ya buɗe ƙofar gaba ya riƙe, yana kallon cikin gida, don a nan Inna ke zama tsakaninsa da Baba duk tashin da aka yi. Baba ma ya tsaya, hannu a kan murfin mota. Injin motar na ruri. Inna ba ta fito ba. Aka ɗan jima haka, sannan Baba ya share murya ya ce, "Mu je." Ya dafa kaina ya ce in kula da Innata, ya shiga ya ja ƙofa.

Na tsaya a tsakiyar layi har motar ta kai kwana. Abin da na hango na ƙarshe shi ne hannunsa, ya fito ta taga yana nuna wa direba wani abu can gaba.

Na koma ciki. Inna na zaune a bakin gadonta tana tsinke wani zare da ya fito a jikin zanin gado. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sun tafi?"

"Sun tafi."

"Ya waiwayo?"

Na fara laluben abin da zan ce mata.

"Bar shi, Auta, kada ki wahalar da kanki," in ji ta. "Duk tashin da muka yi ina gefensa a motar nan. Bai taɓa waiwayen gidan da muka bari ba. Ni ce kullum nake juyawa."

Ta yar da zaren, ta dafa gwiwa ta miƙe. "Ɗauko tsintsiya ki share rumfar. Gobe iyayen yara da wuri za su zo."